Ciwon da ke tafiya ya dawo: nazarin lamarin wata malama mai cutar MS a ƙasar Argungu

Wannan nazari ya bi diddigin jinyar wata malamar firamare daga wani gari a ƙasar Argungu ta Jihar Kebbi, wadda ta shafe kusan shekara uku tana fama da ciwo mai zuwa ya tafi kafin a tabbatar da cewa cutar maltiful sikilerosis ce, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS. An sakaya sunanta da na garinsu da na asibitocin da ta je. Lokacin da ciwon ya fara taɓa ta shekarunta 25, tana da aure da 'ya ɗaya, mijinta kuma manomin shinkafa ne a fadama. Lamarinta ya cancanci a tsaya a kansa ne saboda ya fito da halin wannan cuta da ya fi ɓatar da mutane, wato sauƙin da ke zuwa da kansa bayan kowane tashi. Wannan sauƙi ya ruɗi danginta, ya ruɗi ma'aikatan lafiyar da suka fara ganin ta, kuma shi ne ya tilasta wa masu bincike tsaurara hanyoyin da suke bi kafin su yarda cewa wani magani yana aiki.

MS cuta ce ta ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Zaruruwan da ke kai saƙo a waɗannan wurare suna naɗe cikin wani rufi mai maiƙo da ake kira mayalin, kuma shi ke sa saƙo ya isa inda za shi da sauri. A jikin mai MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa wannan rufi, wurin ya kumbura, saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke gaba ɗaya. Bayan makonni kumburin yakan sace, jiki ya ɗan gyara rufin, ƙwaƙwalwa ta nemi wata hanyar aika saƙon, sai mutum ya ji ya warware, alhali tabo ya zauna. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace cutar a Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma kusan kashi 85 cikin 100 suna farawa ne da irin wannan tashi da lafawa.

Tarihin ciwon

Tashin farko a ido ne. A cikin hunturu ta wayi gari idonta na hagu yana ciwo duk lokacin da ta juya shi, kafin kwana uku tsakiyar abin da take kallo ya dushe, jan launi ya koɗe mata. Da yake lokacin ƙura ne, kowa ya ɗora wa hazo laifi. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, wata tsohuwa ta kawo kwallin da aka yi wa tofi, bayan kamar wata ɗaya da rabi gani ya dawo kusan yadda yake. Abin da ya same ta kumburin jijiyar gani ne, kuma mafi yawan masu shi suna samun ganinsu ko an yi magani ko ba a yi ba. Babban gwajin da aka yi a Amurka kan wannan kumburi, wanda aka buga sakamakonsa a 1992, ya nuna allurar siteroyid mai ƙarfi (maganin kumburi) tana gaggauta dawowar gani ne kawai, ba ta canza matsayin da zai tsaya a ƙarshe. A gidansu kuwa kwallin ne ya sha yabo.

Tashi na biyu ya zo bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, tana cikin jegon ɗanta na biyu. Tun ba a yi arba'in ba tafin ƙafafunta suka sage, sagewar ta hauro har cibiya, ta riƙa jin kamar an ɗaure ta da ɗamara, fitsari kuma ya riƙa matsa mata ba ta iya riƙe shi. Idan ta sunkuyar da kai ta dubi jaririn tana shayar da shi, sai ta ji wani abu ya ratsa gadon bayanta kamar lantarki ya ja ta. Akwai abin da ita kanta ta lura da shi, wanda da ya kai kunnen likitan jijiyoyi a lokacin da ya isa hujja. Safe da yamma ana tafasa mata ruwa a yi mata wankan jego da ganyen dogonyaro, kuma duk lokacin da ta fito daga wankan, idon nan da ya warke sai ya sake dushewa, ƙafafun su kasa ɗaukar ta, sai ta kwanta kamar rabin awa jikinta ya huce kafin su dawo daidai. Da ta faɗa wa mahaifiyarta da ungozoma, sai suka ce sanyi ne ke fita, a ƙara wa ruwan zafi. Bayanin likitanci shi ne zaren jijiyar da ya rasa rufinsa ba ya jure zafi, ko ɗan hawan zafin jiki kaɗan ya isa ya tsayar da saƙo na ɗan lokaci. Likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ya rubuta wannan alama tun 1890, kuma kafin zuwan na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka, likitoci sukan sa wanda suke zargin yana da MS cikin bahon ruwan zafi da gangan don su ga ko alamu za su bayyana. Lokacin da ciwon ya tashi ma ya dace da abin da aka sani, domin binciken da ya bi mata 254 a ƙasashen Turai 12, wanda aka buga a 1998, ya nuna cutar tana lafawa sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki, sannan ta yawaita tashi a watanni ukun farko bayan haihuwa.

A asibitin garinsu an yi mata maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro, a gida kuma aka yi ruƙiyya aka ba ta rubutu. Bayan wata biyu ta miƙe. Babu wanda zai ga laifin dangi don sun nemi waraka wurin Allah, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Matsalar tana ga hukuncin da aka yanke bayan samun sauƙin: wasu suka ce iska ce aka fitar, wasu suka ce taifot ɗin ce ta mutu, ba wanda ya ce a ci gaba da bincike.

Tashi na uku ya faɗo a goshin damina. Ta fara ganin abu biyu-biyu, tana tangaɗi idan tana tafiya, hannunta na dama ya kasa sarrafa alli, har ɗalibanta suka fara tambayar abin da ta rubuta a allo. Aka kai ta Birnin Kebbi da zargin shanyewar ɓarin jiki, sai aka tarar ba ta da hawan jini, hoton ƙwaƙwalwa na CT kuma bai nuna komai ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda tabon MS ba ya fitowa sosai a wannan na'ura. Wani likita ne ya tambaye ta ko wani sashe na jikinta ya taɓa daina aiki ya dawo. Ita ba ta taɓa haɗa ciwon ido da ciwon ƙafa ba, domin a wurinta wancan na hazo ne, wannan na jego. Da likitan ya jera ukun a takarda ɗaya, sai ya tura ta wurin likitan jijiyoyi a wani asibitin koyarwa.

Yadda aka tabbatar da cutar

Babu gwaji guda ɗaya da ke cewa ga MS. Ana bin ƙa'idojin tantance cutar da ake kira na McDonald ne, waɗanda aka fara fitarwa a 2001 aka kuma sabunta su a 2005 da 2010 da 2017 da 2024. Jigonsu shi ne a nuna cewa ɓarnar ta taɓa wurare daban-daban, ta kuma auku a lokuta daban-daban, sannan babu wata cutar da ta fi dacewa da bayanin abin da aka gani. A ƙasarmu wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran nauyi, saboda cututtukan da ke kwaikwayon MS sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. An gwada ta don ƙanjamau da tunjere da ƙarancin bitamin B12, an duba ƙirjinta da ƙashin bayanta don tarin fuka, an duba jininta don sikila, wadda kan bar fararen tabo a ƙwaƙwalwa. An kuma nemi ƙwan tsargiya a fitsari da bayan gida, domin macen da ta tashi tana wanka a gulbi, take kuma shiga fadama dashen shinkafa, ƙwan tsutsar na iya maƙalewa a ƙasan lakarta ya shanye mata ƙafafu, kuma wannan maganinsa daban ne, mai araha ma. Duk ba a samu komai ba.

Cutar da likitan ya fi jin tsoron a rikita ta da MS ita ce NMO (neuromyelitis optica), wadda Eugène Devic ya bayyana a Faransa a 1894. Ita ma tana kama jijiyar gani da laka, kuma sama da shekara ɗari ana ɗaukar ta wani reshe na MS, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano sinadarin garkuwa da ya keɓanta da ita, wanda daga baya aka gane yana kai hari ne kan furotin akwaforin-4. NMO ta fi tsanani, takan makantar, tabonta a laka yakan kai tsawon ƙashin baya uku ko fiye, wani lokaci kuma takan fara da shaƙuwa da amai marasa tsayawa. Ta fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma tun 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun ya ba da rahoto daga Ibadan cewa sun fi ganin ta a kan MS. Bambancewar tana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu magungunan MS, irin su intaferon da natalizumab da fingolimod, suna iya tsananta NMO.

Hoton MRI ya nuna tabo da yawa masu siffar ƙwai a gefen kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, da wani gajere a lakar wuya wanda bai wuce tsawon ƙashi ɗaya ba, da kuma wani a gindin ƙwaƙwalwa wanda ya sha rinin da aka yi mata allurarsa, alamar cewa sabo ne. Ruwan lakar da aka ɗiba ta baya ya nuna sinadaran garkuwa da ake ƙerawa a cikin ƙwaƙwalwa waɗanda babu irinsu a jini. Gwajin akwaforin-4 da na MOG (wani furotin na rufin jijiya), waɗanda sai da aka aika samfurinsu waje aka jira makonni, ba su nuna komai ba. Kafin a kai nan mijinta ya sayar da buhunan shanshera da ya ajiye da kuma bijimi ɗaya. A ganina hasarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta lokaci, domin tun gyaran 2017 ana iya tabbatar da MS daga tashin farko idan hoto da ruwan laka sun dace, gyaran 2024 kuma ya saka jijiyar gani cikin wuraren da ake ƙirgawa. Da an ɗauki hoton tun ciwon ido, da wataƙila an fara tare cutar shekara biyu kafin lokacin da aka fara.

Tambayar dangi da abin da bincike ya gano

Ranar da aka faɗa musu sakamako, mahaifiyarta ta ce: "Likita, in ciwon asibiti na, mi as sa shika tahiya da kainai shi dawo da kainai?" Likitan ya ce mata: "Inna, ba tafiya yake yi ba, lafawa yake yi." Binciken da aka yi ta hanyar ɗaukar hoton marasa lafiya wata-wata ya goyi bayan wannan amsa, domin ya nuna a kan kowane tashi ɗaya da mutum ya ji a jikinsa, sababbin tabo biyar zuwa goma na iya fitowa ba tare da ya ji komai ba.

Dangin mijin kuma abin da ya dame su shi ne ko cutar tana yaɗuwa, ko kuma 'ya'yan za su gaje ta. Ba a ɗaukar MS daga mutum. Gado yana da hannu, amma ba irin na sikila ba. Wani nau'in ƙwayar gado da ake kira HLA-DRB1*15:01 yana ninka haɗarin kusan sau uku, kuma babban binciken da aka buga a 2019, wanda ya ƙunshi masu cutar sama da 47,000, ya gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado da kowannensu ke ƙara haɗarin ɗan kaɗan, mafi yawansu masu alaƙa da garkuwar jiki. Duk da haka, ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya yana da cutar, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ɗan'uwan ke kamuwa, 'ya'yan mai cutar kuwa biyu zuwa uku ne cikin ɗari. Sauran abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari su ne shan taba, da ƙiba a lokacin balaga, da ƙarancin bitamin D. Wannan na ƙarshe yakan ba mutane mamaki a wuri mai rana kamar Kebbi, amma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta samar da shi, kuma macen da yininta ke ƙarewa tsakanin aji da ɗaki ba lalle ne ta samu isasshe ba. Nata ya yi ƙasa, aka ba ta ƙari, tare da bayyana mata cewa gwaje-gwajen da aka yi kan bitamin D ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, don haka ba zai maye gurbin magani ba.

Abin da ya fi girgiza fagen binciken a 'yan shekarun nan shi ne ƙwayar cutar Epstein-Barr, wato EBV. An gano ta a Landan a 1964, a cikin samfurin sankarar muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya aika daga Yuganda. Tana yaɗuwa ta yawu, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita a kwance cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in B. A watan Janairun 2022 ayarin Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard ya buga bincike a mujallar Science kan sojojin Amurka sama da miliyan 10, waɗanda aka riƙa adana jininsu tsakanin 1993 da 2013. Daga cikin mutum 801 da suka kamu da MS aka kuma samu jininsu na baya, 35 ba su da EBV lokacin da suka shiga aiki, kuma 34 daga cikinsu sun ɗauke ta kafin MS ta bayyana. Haɗarin ya ninku sau 32 bayan kamuwa da ita, kuma sinadarin nurofilamen, wanda ke zuba cikin jini idan zaren jijiya ya lalace, bai fara hawa ba sai bayan shigarta. A shekarar dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa wani sashe na furotin ɗin EBV yana kama da wani furotin na ƙwaƙwalwa, ta yadda garkuwar da aka shirya don wancan za ta iya kai wa wannan hari bisa kuskure. Tuni aka fara gwajin allurar rigakafin EBV a jikin mutane.

Mai karatu zai iya cewa, idan kusan kowane yaro a ƙasarmu yana ɗaukar EBV tun yana goye, me ya sa MS ba ta cika gari ba? Alƙaluman da ƙasashe ke bayarwa sun haura mutum 100 cikin 100,000 a Turai, a Afirka kuma ba su kai 10 ba. Wani ɓangare na bambancin na gaske ne: EBV sharaɗi ce amma ita kaɗai ba ta isa ba, kuma wanda ya ɗauke ta bayan balaga har ta kwantar da shi da zazzaɓi ya fi wanda ya ɗauka yana jariri haɗari. Wani ɓangaren kuwa na rashin ƙirgawa ne, a ƙasar da likitan jijiyoyi ɗaya ke ɗauke da nauyin mutum fiye da miliyan. Tsohon zancen da ake koya wa ɗaliban likitanci cewa MS cutar Turawa ce ya samu tangarɗa tun 2013, lokacin da wani bincike a kudancin Kalifoniya ya gano baƙaƙen mata sun fi fararen mata yawan sababbin kamuwa. Likitan da ya sa wa ransa cutar ba ta nan ba zai yi tambayar da za ta tono ta ba.

Magani

An fara da kashe wutar tashi na uku, aka ba ta metilfirednisolon giram ɗaya a rana ta ƙarin ruwa har kwana biyar. Ganin yadda ta ji daɗinsa, wata 'yar'uwarta ta ba ta shawarar ta ci gaba da sayen ƙwayoyin siteroyid a kemis, irin waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba. Likitan ya hana, domin daɗewa a kansu ba ya tare tashin cutar, sai dai ya jawo ciwon suga da hawan jini da rauni a ƙashi.

Magungunan da ke rage tashin cutar sun fara ne da intaferon a 1993, kuma kowannensu sai da ya bi ta gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, saboda cutar da ke lafawa da kanta tana iya sa kowane irin magani ya yi suna. Turawa ma ba su tsira daga wannan ruɗi ba. A 2009 wani likitan tiyata ɗan Italiya, Paolo Zamboni, ya ce tsukewar jijiyoyin jini na wuya ce ke haddasa MS, dubban mutane suka ƙetare ƙasashe suka biya kuɗi aka buɗa musu jijiyoyin, da yawa suka ce sun ji sauƙi, sai gwajin da shi kansa ya jagoranta ya nuna a 2017 cewa aikin ba shi da amfani.

An zaɓa mata rituksimab, wanda ke share fararen ƙwayoyin jini nau'in B. Asalinsa maganin sankarar kaluluwa ne da amosanin gaɓɓai, amma gwajin Stephen Hauser na 2008 ya nuna yana rage sababbin tabo ƙwarai, kuma daga wannan hanya aka samar da okrelizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2017. A Suwidin, inda aka fi amfani da rituksimab, wani gwaji na 2022 ya nuna cikin shekara biyu kashi 3 cikin 100 na masu karɓarsa ne ciwon ya tasar wa, idan aka kwatanta da kashi 16 na waɗanda suka sha wani maganin ƙwaya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka rituksimab, tare da kiladiribin da gilatirama, cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ya dace da halinta ta fuskoki da dama: ana samun sa a manyan asibitocinmu saboda masu sankara, sau ɗaya ake ba da shi a wata shida, kuma ko da a ce NMO ce ta ɓuya, shi ma maganinta ne.

Sai dai kafin a ɗaura mata shi, gwaji ya nuna ta taɓa kamuwa da ciwon hanta nau'in B, jikinta ya danne shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da binciken 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da cutar. Rituksimab na iya farfaɗo da ita har hanta ta gaza, don haka aka ɗora ta a kan tenofobir, maganin danne ƙwayar cutar hantar, wanda za ta ci gaba da sha har sama da shekara bayan allurar ƙarshe. An kuma gargaɗe ta kada ta karɓi rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kamar na shawara, ba tare da sanin likitanta ba.

Bibiya

Abin da ƙwararru ke so shi ne a sake hoton MRI bayan wata uku zuwa shida da fara magani, sannan duk shekara. Aljihun gidan bai kai nan ba, don haka aka ƙarfafa awon da ba ya cin kuɗi. An auna mita bakwai da rabi a barandar asibiti, ana ƙirga daƙiƙun da take ɗauka ta taka su da agogon waya. Ana ba ta katako mai rami tara ta saka tsinke a kowanne ta cire, hannu ɗaya bayan ɗaya. Ana gwada ganinta, ana kuma rubuta matsayinta a ma'aunin da John Kurtzke ya tsara a 1983, mai hawa daga 0 zuwa 10, wanda 6 a cikinsa ke nufin sai da sanda. Nata ya tsaya a 2.5. Ita kuma tana riƙe da littafi, tana rubuta ranar da wata alama ta fara, da ranar da ta tafi, da ko akwai zazzaɓi.

Littafin ya yi amfani a bazarar da ta biyo baya. A tsakiyar zafin Afrilu ƙafafunta suka sake yin nauyi, dangi suka ce maganin ya gaza. Ba a kiran abu sabon tashi sai ya wuce awa 24 kuma babu zazzaɓi ko wata cuta a jiki, ita kuwa ta rubuta cewa fitsari yana mata zafi tun kwana biyu kafin nan. Gwaji ya nuna cutar mafitsara, aka yi maganinta, ƙafafun suka saki ba tare da siteroyid ba. Maleriya ma tana yin haka, shi ya sa gidan sauro ya shiga cikin tsarin jinyarta.

Bayan shekara guda ba tashi, ta koma aji, rubutunta ya daidaita, sai ruɗin nan ya dawo ta wata ƙofa: mijin ya tambaya ko za a dakatar da allurar tunda ta warke, ga kuɗin kuma yana cin rabin noma. Tambaya ce ta mai hankali, amma bincike bai goyi bayanta ba. Nazarin da aka buga a 2020 ya nuna mafi yawan nakasar da ke taruwa a jikin masu MS ba a lokacin tashi take samuwa ba, a hankali take shigowa tsakanin tashi da tashi, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki rufin ɗaki yana nan tsaye. A Holan an gwada dakatar da magani ga waɗanda suka daɗe lafiya, sai aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba saboda cutar ta dawo wa wasu daga cikinsu. Abin da likitan ya yarda da shi shi ne tsawaita tazarar da ke tsakanin allurai, domin bayanan da aka tara lokacin korona, sa'ad da aka jinkirta wa mutane da yawa allurarsu, sun nuna kariyar rituksimab takan wuce wata shida. Ana kuma auna sinadaran garkuwarta lokaci-lokaci, saboda daɗewa a kan maganin yana rage su.

Ma'auratan suna son ƙarin haihuwa, kuma MS ba ta hana ɗaukar ciki. An tsara a nemi cikin bayan 'yan watanni da allura, lokacin da maganin ya bar jini amma kariyarsa tana nan, a ci gaba da tenofobir tunda masu ciki suna shan sa, a kuma mayar da ita kan allurar jim kaɗan bayan haihuwa. An yi wa mahaifiyarta bayanin cewa wankan jego da ruwa mai ɗumi za a yi shi. Hoto na biyu da aka samu ɗauka bai nuna tabo mai shan rini ba, amma da yake a wata na'urar daban aka yi shi, mai ƙarancin ƙarfi, likitan hoto ya kasa tantance ko ƙananan tabo biyu da ya gani sababbi ne ko tsofaffi. Saboda haka aka yanke cewa hoto na gaba za a koma na'urar farko a ɗauke shi bayan girbin shinkafar rani, tare da faifan hoton farko a hannu don a gwada su gefe da gefe.